Tabarmar Lauina

Rana ta take tsaka, maƙwabcina Lauina na nan durƙushe a ƙofar gidan Pouono, lulluɓe da tabarmar da suka gada kaka da kakanni tun daga kai har ƙafa. Tun asuba tsohon yake wurin. Ɗansa Mika ne ya sha giya ya banke 'yar Pouono da mota, ƙafarta ta karye. In Pouono ya fito ya yaye tabarmar, an yafe ke nan. In ya ƙi, dattawan ƙauye za su kori Mika. Wannan al'adarmu ce ta neman gafara da muke kira ifoga, kuma tabarmar ba mai taɓa ta sai wanda aka yi wa laifi.

Mu mata muna gindin mangwaro muna feraye gwaza, idonmu na can. Faasega, matar Lauina, ta kasa zama. Ta aika a tuna wa Pouono cewa mijinta na da ciwon zuciya. Daga cikin gida muka jiyo amsarsa, shi da ke mana wa'azin yafiya duk Lahadi.

"Bari ya ɗan gasu. Ai ni ma ban gama cin abinci ba."

Da farko tabarmar na ɗan rawa, daga baya ta tsaya cak. Sai muka hau yabo. Wata tsohuwa a cikinmu ta ce, "Kun ga mazan jiya? Ko ƙuda bai kora ba. Samarin yanzu da tuni sun nemi matashin kai." Muka yi dariya.

Sai da inuwa ta juya Pouono ya fito da farar rigarsa ta coci. Ya tsaya ya yi jawabi mai daɗi kan haƙuri da zumunci, har wasu suka share hawaye. Ya sunkuya ya yaye tabarmar.

"Tashi, ɗan'uwana, na yafe."

Lauina bai tashi ba. Goshinsa na ƙasa, tururuwa na bin bayan kunnensa. Pouono ya dafa kafaɗarsa, tsohon ya kife gefe guda. Wuƙar hannuna ta faɗi cikin kwano. Har yau in na tuna dariyar nan jikina sanyi yake yi, don gawa muke ta yabo ba mu sani ba. Dattawa ba su kori Mika ba, shi ya haƙa kabarin ubansa a gaban gida, kamar yadda muke yi a nan.

Washegarin jana'iza na fito shara da asuba, na ga mutum durƙushe a ƙofar Faasega, lulluɓe da tabarmar nan. Takalman Pouono ne a gefe. Na ɗauka za ta bar shi ya ga rana shi ma, kuma wallahi ba zan ga laifinta ba.

Ko gari bai gama wayewa ba, sai Faasega ta fito. Ba ta yi jawabi ba. Ta yaye tabarmar, ta naɗe ta, ta ajiye masa kofin ruwa a gabansa, ta koma gindin kabari ta zauna.