Rabin Shuɗin Ƙyalle

Ranar da manyan jam'iyya suka zo cin abincin rana a gidan Dakta Gaspar Lobão, ni ce a kicin ina fama da kifin gishiri. A kan teburin nan za su yanke ko shi za su tura majalisa a Lisbon. Duk garin Lamego an san shi lauya ne, ɗan wani kyaftin da ya mutu a yaƙi. Ni kaɗai na san babu wani kyaftin. A akwati mai juyawa na bangon gidan marayu, inda iyaye ke barin 'ya'ya a ɓoye, aka ajiye shi yana jariri, uwata ta karɓo shi, nono ɗaya muka sha. Manyan nan kuwa, da su tura ɗan tsintuwa gara su tura jaki.

Wata tsohuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar baya, ƙafarta ba takalmi.

"'Yar nan, ke ce Perpétua?"

"Ni ce, Iya. Sadaka sai an tashi daga tebur."

"Ba bara na zo ba."

Ta buɗe tafin hannunta, sai ga rabin shuɗin ƙyalle an yanka shi a karkace. Gabana ya faɗi. Duk uwar da ta sa ɗa a akwatin takan maƙala masa rabi ta riƙe rabi, ko wata rana za su gane juna. Ɗaya rabin yana kwandon ɗinkina tun rasuwar uwata.

Na leƙa falo na yafito Gaspar. Ya shigo yana huci.

"Kin haukace ne? Baƙi na bari a zaune!"

"Ni za ka yi wa lauyanci? Duba nan."

Na ɗauko rabin da ke kwandona, na shimfiɗa biyun a kan tebur. Suka haɗu, zare da zare.

Mutumin da ke sa alƙalai gumi ya sunkuya yana duban ƙyallen. Tsohuwar ta ce sunanta Engrácia, wanki take yi a bakin rafi, shekara talatin da takwas tana cigiya.

"Ba komai nake nema ba, ɗana. In gan ka kawai."

Ta ɗan miƙa masa hannu, yadda uwa ke miƙa wa ɗa ya sumbata ya nemi albarka. Gaspar ya yi taku ɗaya zuwa wajenta, sai muka ji takalmi a bayanmu. Baltazar Queiroga ne, shugaban jam'iyya, bakinsa duk maiƙo.

"Dakta, miya tana hucewa! Wace ce kuma wannan?"

Engrácia ta janye hannunta, ta jefa gefen mayafinta a kan ƙyallayen.

"Mai wanki ce, ranka ya daɗe. Kayan datti na zo ɗauka."

Na kafe Gaspar da ido. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma a bakinsa take. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Perpétua, kawo mata rigunana. A sa sitaci sosai."

Suka koma falo suna dariya. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba. Na kwaso rigunan na dangwara mata, hawaye na zubo mini don haushi. Ita kuwa ta rungume su a ƙirji, har da murmushi.

"'Yar nan," in ji ta, "ran nawa-nawa yake ba da wanki?"