Ki Ja Ƙofar

"Ke dai matsa gefe, kin tare masa," na ce wa Uwar Biyu, don ta zauna dirshan a gaban talabijin, ɗaurin ɗankwalinta kaɗai ya cinye rabin hoton.

Baba Tela yana kan gadonsa na ƙarfe, mun tokare masa baya da matasai. Tun da ciwon ƙirji ya kayar da shi bai sake leƙa shago ba, keken ɗinkinsa na lungu an lulluɓe da tsohon zane. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu, kitso ne sana'ata. Ni na kinkimo talabijin ɗina zuwa ɗakinsa da yammacin nan, na yayimo mata biyu, Uwar Biyu da Matar Direba, saboda shirun gidan ya ishe ni.

Shirun kuwa na mutum biyu ne. 'Yarsa ɗaya tal, wadda yake kira Auta, ta dawo jinyarsa bayan shekaru masu yawa. Tana yarinya ta so wani mai gyaran rediyo, uban ya ƙi, ta tattara ta koma wurin gwaggonta, a can aka yi auren. Yanzu tana dafa masa, tana wanke masa, magani ba ya wuce lokaci, amma tsakaninsu daga "ga ruwa" sai "sannu". Likita ya riga ya gaya mana kwanakin sun ƙure. Hutun da aka ba ta a wurin aiki shi ma ya ƙure, jakarta a ɗaure take. Abin da ke cin raina ke nan, kada tsohon nan ya tafi ba su fahimci juna ba.

Fim ɗin na zamanin da ne, lokacin jirgin ƙasa mai hayaƙi da fitilar ƙwai. Wata yarinya ce ke tasowa a gidan ubanta, ta girma a kan idonmu, ta fara son wani saurayi mai keke, ta kuma samu gurbin karatu a gari mai nisa. Matar Direba tun farko take sharar ƙwalla, ita ko tallar sabulu aka sa mai taushin kiɗa sai ta yi kuka. Uwar Biyu kuwa faɗa take da 'yan fim kamar suna jin ta.

"Dubi wannan sakaran, ya tsaya yana murza hula. Ka faɗa mata kana son ta mana."

"Irin teburin nan gare mu a gida," in ji Matar Direba, tana jan hanci. "Har shimfiɗar."

Baba Tela kuwa idonsa bai bar hoton ba. Auta ta ce ita ba ta kallo, tana da aiki. Sai dai na lura tun da ta kawo kofin magani take tsaye a bakin ɗaki, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Aka zo wurin tasha. Yarinyar ta hau jirgi, ta leƙo ta taga tana jiran uban ya ce wani abu. Ya daɗe yana kallon takalminsa. Da jirgin ya motsa sai ya ce, "Ki riƙe lemarki, hadari ya haɗo." Shi ke nan.

"Lema?" Uwar Biyu ta tafa hannu. "'Yarka za ta tafi, sai zancen lema? Wannan uban dutse ne a ƙirjinsa."

"Ba dutse ba ne," in ji Baba Tela. Sai da muka juya duka. "Cewa ya yi kada ta tafi. Ku ne ba ku ji ba."

"Shi ai ya raka ta tasha."

Auta ce ta yi maganar, daga bakin ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wani uban ko kai bai ɗaga daga kan keken ɗinki ba. Ina tsaye da kayana ya ce, 'Ki ja ƙofar.' Da maganar nan na tafi, Baba. Da ita na haifi 'ya'yana."

Na miƙa hannu na rage ƙarar talabijin. Tsohon ya yi tari mai tsawo, na tallafe shi har ya lafa.

"Auta," ya ce, "a gidan nan, wa ake ce wa ya ja ƙofa?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Idan uwarki, Allah ya jiƙanta, ta aike ki sayen zare, me take cewa?"

"Ki ja ƙofar," ta amsa, can ƙasa.

"Saboda me?"

"Saboda yanzu zan dawo."

"Baƙo idan ya yi sallama zai tafi, ni nake tashi in sa sakata a bayansa. Ke ban sa ba."

Wallahi sai a lokacin na tuna. Shekara da shekaru ƙofar gidan nan tana buga bango duk sa'ad da iska ta taso, tana hana mu sakat. Sau nawa maigidana ya yi masa faɗa a kan ɓarayi, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce me za su ɗauka, almakashi? Mun ɗauka sakacin tsufa ne. Ni da nake taƙama babu abin da ke wuce ni a layin nan, ban taɓa ganewa ba.

"To me ya hana ka faɗa a fili?" Auta ta tambaya. Hawaye ya riga ya jiƙa mata wuyan riga.

"Bakina bai iya ba. Na zaci kin ji."

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta zo ta zauna a bakin gadon. Ya lalubo hannunta, ya riƙe. Na zunguri Uwar Biyu da gwiwa, na ja Matar Direba, muka sulale. A tsakar gida Uwar Biyu ta raɗa mini, "To yarinyar ta dawo kuwa? Ta auri mai keken?" Na ce ban sani ba. Har yau ban nemi ƙarshen fim ɗin ba.

Washegari na ga kayan Auta a kan igiyar shanya, ta kwance jakar. Ta katanga nake jiyo su, ba wata doguwar hira ba, ita tana ba shi labarin jikokinsa, shi yana tambayar tsawon kowanne, wai zai ɗinka musu riguna idan ya miƙe. Bai miƙe ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ya cika, kansa a kan cinyarta.

Da mutane suka watse, na taya ta share tsakar gida, muka naɗe tabarmi. Rana ta yi sanyi na ce zan shiga gida, ta rako ni.

"Yaya, bari in rufe bayanki," ta ce.

Ta kama sakatar ta tura. Ko motsi ba ta yi ba. Ta sa hannu biyu, ta haɗa da kafaɗa, tsatsa ta riga ta haɗe ƙarfen da mazauninsa. Sai ta sake ta. Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon tafin hannunta, ya yi jawur da tsatsa, ba ta goge ba.