Madarar Bushiya

Ana cikin kiran sallar Magariba Areej ta ci karo da ɗan farantin madara a bakin ƙofar lambu. Ba ta taɓa shi da hannu ba. Da tsinin takalmi ta ture shi tana karanta Falaƙi da Nasi, sannan ta ce a kira mata Turai.

Turai haifaffiyar unguwar Mahjar ce a Jidda, jikar alhazan da suka zo daga Kano a ƙafa ba su koma ba. Aikinta a wannan gida na unguwar Abhur shi ne kula da surukar Areej, Ummu Majid, tsohuwar Baturiya da aure ya kawo Jidda tun da ƙuruciyarta. Mijin ya rasu, tunani ya soma kufce mata. Sunayen jikokinta sun ɓace, amma ƙauyensu na Ingila yana nan daram a kanta.

In Turai tana taje mata gashi sai ta ɗauko labarinsa da gurgun Larabcinta: ciyawa mai raɓa, shanun maƙwabci, tuffa tana faɗowa a bayan ɗaki. Tana yarinya, da yamma uwarta takan zuba mata madara ta kai wa wata bushiya da ke ratsowa ta ƙarƙashin shinge. Shi ne yanzu, da rana ta faɗi, take rigima sai an ajiye wa bushiyar madara. In ba a ajiye ba, ba ta cin abinci.

* * *

Turai ta yi bayani har bakinta ya bushe. Areej ta ce wa ya taɓa ganin bushiya a Abhur? Madara a bakin ƙofa da magariba, kowa ya san aljanu ake ba. Dama an sha gaya mata halin 'yan Takari.

Majid, mijin Areej, yana tsaye yana latsa waya. Rabonsa da ɗakin uwarsa tun ƙaramar Sallah.

"Ya sidi, shiga ka tambaye ta mana," in ji Turai. "Mahaifiyarka ce."

"Ba ta ma gane ni." Bai ɗago kai ba. "Halas, shi ke nan, ya khala. Don daɗewarki ba zan kai ki ga hukuma a kan sihiri ba. Gobe ki haɗa kayanki."

Turai ta tuna marayun jikokinta da ke ci daga wannan aiki.

* * *

Washegari da yamma ta shiga yi wa Ummu Majid sallama. Tsohuwar ta riƙo gefen mayafinta.

"Ta sha?"

"Ta sha, Mama. Ta lashe tas."

Sai da mota ta kama hanya Turai ta waiga. Ummu Majid tana tsaye a bayan ƙofar gilashi, ba takalmi, gashinta ba a taje ba, ta riƙe kofi da hannu biyu don kada ya zube. An riga an kulle ƙofar lambun.