Kaskon Kaji a Cikin Gilashi

Ustaz Magdi, sabon jagoran da aka turo daga Alƙahira, kwana biyu ya yi yana haddace jawabi kafin 'yan firamaren garin Alamen, inda aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu, su iso gidan tarihin yaƙi. Ya tsayar da su gaban wani akwatin gilashi, ya sassauta murya.

"Wannan hular kwano ce ta sojan Jamus. Ku dube ta da kyau, ba lallai ku sake ganin irinta ba."

Wata yarinya, Mabruka, ta manna hanci a gilashin. "Ustaz, ai kaskon kaji ne. A irinsa kakata take ba su ruwa."

Ya matsa gaban kwanson harsashin igwa. Kafin ya buɗe baki wani yaro ya ce, "Lah, turmin gahawarmu! Namu ma ya fi sheƙi."

Duk abin da ya nuna, sai an sami wanda kakansa ya tsinto irinsa a sahara.

"Kayan tarihi ne fa!" ya daka musu tsawa.

Mabruka ta ja hannun rigarsa cikin tausayi. "Yi haƙuri, Ustaz. Hular kwanon guda ɗaya tal gare ku? Zan roƙi kaka ta sam muku, kajinmu sun ragu."