Binne da Takin Zamani

Fari ya tafi ya bar mini saniya guda, baƙa, mai karkataccen ƙaho. Duk garken da na gada ita kaɗai ta ƙi mutuwa. Tun daga nan ba ni da tunani sai na abin da za ta ci idan rani ya tsaya. Karan gonata ta gida ba ya kai mu ko'ina, rabi ya tafi darni da rumbu, rabi Fadi matata ta tura murhu.

Muna da wata jigawa a hanyar Dungas, tun zamanin gyaɗa aka tsotse ta, ko ƙarangiya sai ta yi shawara kafin ta fito. Na ce a nan zan shuka gero, ba don zangarniya ba, don kara kawai. Mutanen garinmu Kwaya suka yi dariya, na ce su yi ta yi.

Malamin gona na koferatif, ƙungiyar manoma, wanda muke ce wa mushe, ya ba ni rabin buhun takin zamani, fari tas kamar sukari. Ya ce ƙasar yunwa take ji, abin da ke sa ganye ya yi kore ne ya ƙare mata.

"Malam Tsoho, ka bari tsiro ya fito, ƙasa da laima, sannan ka sa ɗan kaɗan a gefe. Kada ya taɓa iri."

Na ce to, to. Ni kuwa in na ce "to" sau biyu, ban ji ba ke nan.

A kan jaki, a hanyar gida, hikima ta sauko mini. Mu nan binne muke yi, a sa iri cikin busasshen rairayi ya kwanta ya jira ruwan farko. To me zai hana takin ya kwanta tare da shi, su tashi tare? Kuma wai ɗan kaɗan, ga ƙasar da ta yi shekara da shekaru ba ta ci ba? Ai wannan rowa ce. Wallahi har tausayin mushe na ji, yaro da karatu amma ba dabara.

Na yi ta sara da sungumi, Fadi na biye tana zuba iri, ni kuma in dawo in cika kowane rami da taki, hannu guda cur.

"Malam, haka aka ce maka?"

"Ke dai taka ki rufe."

Ruwa ya sauka, mai kyau kuwa. Gonakin mutane suka yi kore. Tawa shiru. Na tona rami na ga irin ya fasa baki, takin ya ƙone shi ƙurmus. Na tona wani, haka. Na zauna a rairayin nan ina zagin jaki, don shi ne a kusa.

Na sake shuka a makare, ba sauran taki a buhu, wanda ke ƙasa kuma ruwa ya yi zurfi da shi. Abin da ya fito bai wuce gwiwata ba, rawaya, siriri kamar tsintsiya. Jakin nan shi kaɗai ya kwaso shi gida.

Sanyi bai wuce ba kara ya ƙare. Na sassabe wa saniyar ganyen gawo, na kai ga tsohuwar jinkar ɗakina. Da bazara ta matso na kai ta wurin Hamma, makiyayin da ke gangarawa kudu da shanu, ko zai riƙe mini ita. Ya shafa haƙarƙarinta.

"Baba Tsoho, ba za ta kai ba. A hanya za ta kwanta mini."

Ranar kasuwar Dungas na ja ta, muna tafe muna hutawa. Shekarar ruwa ce, kowa ya samu, ba wanda zan ɗora wa laifi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mahauci ya duba ta ya ce don fata zai saya. Na kwance igiyar da hannuna, ta lashi gwiwar hannuna kamar yadda take yi in na kawo kara, sannan na miƙa masa ita.