Titin da Ke Kan Silin

Shekara biyu ke nan Baba bai sauko daga hawa na uku ba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ma kusan haka. Iyakata kantin magani, in dawo a guje. Ni ce 'yar da ba ta yi aure ba, kuma kowa a unguwarmu ta Shubra ya san aikin wa ne jinya.

Abin da ya rage mana shi ne wani tsohon littafin tarihin kimiyya mai baƙin bango, wanda ya saya tun yana sana'ar tabarau. Kullum bayan azahar nake karanta masa. Wallahi har na fi shi jin daɗi, wani lokacin sai shayi ya huce ban sani ba.

Ranar da muka kai labarin malamin da aka tsare a gida a nan Alƙahira, wanda ya yi ta nazarin yadda haske ke ratsa huda, sai Baba ya ce, "Nagat, rufe tagar katakon nan. Toshe ko'ina, ki bar inda gara ta ci."

Na yi ina gunaguni. Can sai ga titinmu a kan silin, dishi-dishi, kai ƙasa ƙafa sama. Ga amalanken mai wake, ga maƙwabciyarmu Ummu Sabri tana tafiya da ka! Baba ya yi dariya har ya ƙware. Daga kan gado bangon maƙwabta kawai yake gani, yau ga unguwarsa ta hauro ta same shi. Tun daga nan ba ya cin abinci sai an kunna masa titi.

Sai ƙanena Midhat, mai zuwa sau ɗaya a wata da lemo a leda, ya tashi yin abin kirki. Ina layin magani ya kawo ma'aikata, suka ɓalle katakon suka sa gilashi.

"Yaya, kin kulle tsoho a duhu kamar kabari!" in ji shi. "Dubi haske yanzu."

"Sannu, injiniya. Allah ya saka."

Silin fari fat. Baba ya ƙura masa ido, ya ƙi cin wake. Midhat ya tafi yana jiran godiya.

Kwana biyu ina kallon cokali yana dawowa cike. Tsoro ya kama ni. Na rufe gilashin da barguna, na bar 'yar kafa, na rasa kwali mai kauri a gidan nan kaf. Sai na ɓalle bangon littafin, ina hawaye, na huda shi da ƙusa, na manna shi a kan kafar.

Mai wake ya dawo kan silin, a kife.

"Kin lalata littafinki, 'yata," in ji Baba.

"Buɗe baki dai."

Ya karɓi cokali. Na kwanta a tabarma kusa da gadon ina kallon sama, don ni ma ba ni da wani titin.