Layin da Musaddiƙ Ya Ƙara

Aikin kammala karatunsu a Kazaure wata ƙaramar manhaja ce da suka sa wa suna Tafinta: a rubuta mata umarni da Hausa, ta karanta ta aiwatar. Nafisat 'yar garin Roni ce ta rubuta fayil ɗin lissafi, Musaddiƙ ya rubuta na karanta kalmomi. Na Nafisat yana kiran nasa, don dole ne. Nasa kuwa ba ya buƙatar nata ko kaɗan.

Amma Musaddiƙ yana son Nafisat, son da ya hana shi cin abinci da daɗi, kuma bakinsa ya kasa faɗa. Sai ya ƙara layi ɗaya a fayil ɗinsa, mai kiran nata. Ta haka ya samu dalilin hawa acaɓa zuwa Roni ranar Asabar, ya zauna a zaurensu, wai yana tambayar yadda lissafinta ke aiki.

Daga nan Tafinta ta fara sandarewa. Da an kunna ta sai ta yi tsit, kwamfutar ta ɗau zafi. Malam Shafi'i, mai duba aikin, ya ce duk wanda ɓangarensa ya jawo wannan ba zai kare aikinsa a gaban malamai bana ba. Nafisat ta ɗauka laifinta ne. Har ta rame.

Ranar dubawa Nafisat ta zo da idanu jajaye.

"Malam, na koya wa Tafinta wani abu," in ji ta. "Duk fayil ɗin da ta buɗe za ta riƙe sunansa. In ta sake cin karo da wanda ba ta gama buɗewa ba, ta tsaya ta faɗi hanyar da ta biyo. In ni ce, gara in sani."

Ta danna. Wannan karon Tafinta ba ta sandare ba. Rubutu ya fito a allo: kalmomi ya kira lissafi, lissafi ya kira kalmomi, an dawo inda aka fara.

Malam ya gyara tabarau. "To, Nafisat, naki ne ya rufe zagayen. Ki yi haƙuri."

Ta sunkuyar da kai, ta fara naɗe wayar cajin. Musaddiƙ ya kalle ta. Da ya yi shiru, da shi ke nan.

"Malam, ba ita ba ce," in ji shi. "Kiranta daidai ne. Nawa ne ba shi da amfani."

"Me ya sa ka saka shi?"

Ya kalli takalminsa. "Don in riƙa zuwa Roni."

Wani daga bayan aji ya ce, "Ashe lissafin na zuciya ne." Dariya ta ɓarke. Malam bai yi ba.

"Sai baɗi, Musaddiƙ."

A waje, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, Nafisat ta buɗe kwamfutar a cinyarta, ta nemo layin, ta goge shi a gabansa. Tafinta ta tashi lafiya lau.

"Ka ga ina kuka a zaure, kana shan furarmu," ta ce a hankali.

"Ban san shi ne ya jawo ba. Wallahi sai yau."

"Amma ka san ba ya da amfani."

Ta rufe kwamfutar, ta tsayar da mai acaɓa. Ya so ya ce ta gaida masa Innarta, kunya ta riƙe masa harshe har ta sha kwana.